Pentium III ko Pentium 4: wacce zan haɗa don gem ɗin zamanin Windows 98?

Abban Sultan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen masana na wannan zaure. Ina so in haɗa kwamfuta ta buga gem ɗin da muka taso da su a ƙarshen shekarun 1990, a kan Windows 98, kuma da kayan zamanin. Abu biyu ne a gabana. Na farko, wani mai gyara a Beirut Road nan Kano yana da madabod Asus P2B da firosesa Pentium III 500, wato mai gudun megahaz 500, a jikinsa, ba kesin, ba fawa fak (akwatin da ke ba kwamfuta wuta), ya ce ya daɗe a ajiye. Na biyu cikakkiyar Pentium 4 ce mai gudun gigahaz 2.4, irin ta ofis, tana tashi lafiya da Windows XP a kanta, kuɗinta ma bai kai na wancan bod ɗin ba. Wacce zan ɗauka? In na ɗauka, wane katin hoto da na sauti zan nema?

Sadik Zazzau:
Wa alaikumus salam Yaya. Ɗauki Pentium 4 ka huta. Tana tashi, ta fi sauri nesa ba kusa ba, kayanta na nan birjik a kasuwa. Me zai kai ka sayen bod ɗin da ba wanda ya ga tashinsa?

Baba Injiniya:
Wa alaikumus salam. Sadik, dakata tukuna. Abban Sultan, kafin a ce maka ɗauki wannan ko wancan, faɗa mana gem ɗin da sunayensu. Ba sauri ake nema a wannan aiki ba, dacewa ake nema. Gem ɗin 1993 da na 2003 ba abinci ɗaya suke ci ba.

Abban Sultan:
To Baba. Waɗanda raina ya fi so su ne FIFA 98, Need for Speed II SE da Need for Speed III, Road Rash, Delta Force, Half-Life, Quake II, Unreal Tournament, Age of Empires II da Project IGI. Na DOS kuma Doom, Prince of Persia da Dangerous Dave, don yara su ga inda aka faro. In da hali har da GTA Vice City.

Sadik Zazzau:
Ka ji ko Baba? Vice City a 2003 ya fito a kwamfuta, mafi ƙarancin abin da yake nema Pentium III mai gudun 800. Ɗari biyar ɗin nan ba za ta ja shi ba. Magana ta ƙare.

Baba Injiniya:
Ba ta ƙare ba ɗana. Duba jerin da kyau. In ka cire Vice City, duk sauran daga 2000 ne zuwa baya. Gem guda ɗaya ne ya fita daga sahu, kuma shi ɗin kowace tsohuwar laftof mai XP za ta buga shi. Ba a canza ginin gaba ɗaya saboda shi. Taura biyu ba ta taunuwa, Abban Sultan, ka zaɓi zamani ɗaya ka tsaya a kai.

Dalilin da ya sa nake tare da P2B shi ne cif ɗin da ke kanta, Intel 440BX, wanda ya fito a 1998. Na yi aiki da shi tun yana sabo, ban ga cif ɗin da ya kai shi zaman lafiya da Windows 98 ba. Windows 98 SE, wato fitowarta ta biyu, ta san shi tun daga faifanta, ba sai ka yi ta farautar diraiba ba. Sannan ka dubi ƙasan bod ɗin, za ka ga dogayen gurabe baƙaƙe guda uku. Su ne ISA. Gem ɗin DOS ba sa bi ta diraiba, kai tsaye suke magana da katin sauti ta adireshinsa da layin IRQ da DMA, wato hanyoyin da kati ke bi ya isa ga firosesa da ram, kuma a gurbin ISA ne wannan magana take tafiya yadda aka tsara ta. Pentium 4 ɗin ofis ba ta da wannan gurbi ko ɗaya. Wasunsu ma, masu cif 845GL ko 845GV, ko gurbin AGP na soka katin hoto babu, sai hoton da aka haɗo a jikin bod. Buɗe ta ka duba kafin ka ba da ko sisi.

Ummu Khairat:
Ku yi haƙuri in katse ku, amma kun fara gini daga sama. Yaya Abban Sultan, duk wacce za ka saya, abu na farko kafasita ne, wato 'yan ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye a jikin bod suna riƙe wuta. Ka riƙe bod ɗin a haske ka dubi kawunansu. Wanda kansa ya kumbura, ko ya yi tsatsa ruwan ƙasa a sama ko a gindi, ya mutu. Daga wajajen 1999 zuwa 2007 an cika duniya da kafasitoci marasa inganci, kuma bod ɗin zamanin Pentium 4 ne suka fi shan wannan wahala. Saboda haka "tana tashi lafiya" ba hujja ba ce, tana iya tashi yau ta fara daskarewa wata mai zuwa. In za a canza, a sa mai ƙarfi daidai da na da, bolt ɗinsa daidai ko sama, mai jure zafi 105, kuma irin na madabod, ba wanda ake sa wa rediyo ba.

Na biyu, kuma don Allah kowa ya ji wannan: kayan gwanjon da suka zo daga Amurka, a bayan fawa fak ɗinsu akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Ana kawo mana irinsu shago ba adadi.

Abban Sultan:
Na gode Anti. To fawa fak fa, tsoho zan nema na zamaninsa ko sabo?

Ummu Khairat:
Sabo mai kyau. Tsohon da ya haura shekara 20 in ya tashi mutuwa ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana iya jan bod da katin hoto. Sai dai ka karanta takardar jikinsa. Kwamfutocin da daga layin bolt 5 suke shan yawancin wutarsu, na yanzu kuwa daga bolt 12, shi ya sa sababbin fawa fak suke da rauni a layin 5. Pentium III 500 ba ta wuce wat 28, don haka in ka ga amfiya 20 a layin 5 ya wadatar. Athlon XP ce mai haɗama a wannan layin, ita sai an nemo mai ƙarfi sosai. Soket ɗin ya zama mai rabuwa, 20 da 4, don bod ɗinka mai ƙafa 20 ne.

Kada kuma a ciro na tsohuwar Dell ta zamanin Pentium II da III a jona wa Asus. Soket ɗin kamarsu ɗaya, amma jerin wayoyin daban ne.

Baba Injiniya:
Gaskiya ne Hajiya. In ƙara da farar waya, wato bolt 5 na ƙasa da sifili. Sababbin fawa fak sun daina zuwa da ita. Yawancin katunan sauti ba ruwansu da ita, sai tsiraru irin su Sound Blaster 2.0 da Pro Audio Spectrum 16. In ba irinsu za ka sa ba, ka manta da ita.

Ɗan Nima:
Gaisuwa daga Accra, manyanmu. Ni dai a kan katin hoto zan yi magana, kuma ba na ɓoye ra'ayina: 3dfx Voodoo3. Yaya ya ambaci Need for Speed II SE. Wannan gem ɗin ba ya gane kowane irin kati a matsayin mai 3D sai na 3dfx, ta hanyar Glide, yaren da kamfanin 3dfx ya ƙirƙira don gem su yi magana da katunansa. Ka sa masa GeForce mafi tsada, zai koma zana hoto da firosesa, kwalta ta fito da tsakuwa-tsakuwa. Unreal Tournament ma a Glide ya fi santsi, don injinsa a kan haka aka fara gina shi. Wanda bai taɓa ganin hasken fitilun Unreal a kan Voodoo ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Voodoo3 ta fito a 1999, shekara ɗaya da Pentium III 500, tana da ram mega 16, kuma hotonta a DOS tsaf yake. In ana maganar dacewa, to ga ta nan.

Sadik Zazzau:
A ina zai samo ta? Kamfanin 3dfx ya sayar da kayansa ga Nvidia tun Disambar 2000, ba a ƙara yin ko ɗaya ba. Ka shiga eBay ka ga yadda Turawa ke rububinta, ka lissafa da canjin dala da kuɗin aikowa. Kuɗin katin kaɗai zai sayi kwamfutocin biyu da Yaya ya ambata har da canji. Kuma Voodoo3 launi mai bit 16 kawai take yi a 3D, zanen jikin abubuwa ba ya wuce 256 sau 256. Tun a zamaninta TNT2 ta riga ta yin bit 32.

Ɗan Nima:
Lambobi kake karantawa ƙanena, ni ido nake ba ka labari. A monita mai ƙwai, wato CRT mai ƙaton baya irin ta da, bit 16 ɗin Voodoo ya fi na kowa kyau, don tana tace shi kafin ya fita.

Hamza Lantarki:
Ku biyun kowa na da gaskiyarsa, amma a duba abin da hannu zai kai. A kasuwanninmu katunan AGP da suka fi yawa su ne TNT2 M64, GeForce2 MX, GeForce4 MX 440 da FX 5200. A cikinsu, ga firosesa mai gudun 500, MX 440 ya isa har ya yi yawa, firosesar ce za ta gaji kafin shi. In Allah ya sa ka yi karo da GeForce4 Ti 4200, kada ka bar shi ya kwana a shagon. FX 5200 kuma iri biyu ne, mai hanyar bit 128 da mai 64, na biyun rago ne ƙwarai. M64 ma haka, TNT2 ce da aka rage wa hanya.

Abin da ya sa nake tsayawa a waɗannan, tsofaffin gem suna amfani da dabaru biyu da katunan baya suka watsar. Ɗaya zane mai launi 256, wanda Final Fantasy VII yake nema, Nvidia ta cire shi daga GeForce 6. Ɗaya kuma wata hanyar zana hazo, wadda katunan Radeon suke yawan tuntuɓe a kanta a Windows 98. Daga GeForce2 zuwa FX duk biyun suna nan. Diraiba kuma kada ka ɗauko na ƙarshe, 81.98, ya yi wa Pentium III nauyi. Nemi 45.23 ko wanda ya girme shi.

Ummu Khairat:
A kula da wutar AGP. Gurbin 440BX bolt 3.3 yake bayarwa. Kati mai tsaga biyu a ƙafarsa yana shiga ko'ina, mai tsaga ɗaya ta baya na bolt 1.5 ne, ba zai zauna a P2B ba, kada a danna shi da ƙarfi. Haka Voodoo3 ta AGP 3.3 ce zalla, ba a sa ta a bod ɗin Pentium 4 mai cif ɗin Intel, tana iya ƙona shi. To Sadik, in Yaya ya bi shawararka, ya rufe wa kansa ƙofar Voodoo ta AGP har abada.

Ɗan Nima:
Na gode Anti, kin faɗa min abin da zan faɗa. Akwai kuma hanya ta uku. Voodoo2 kati ne na PCI, wato fararen guraben nan na jikin bod, da ba ya aiki shi kaɗai, ana jona shi da babban kati ta gajeriyar wayar VGA. Sai ya sa MX 440 yanzu, ranar da Allah ya kawo Voodoo2 ya ƙara ta a gefe, gem ɗin Glide su bi ta kanta, sauran su bi ta GeForce. Ba abin da ya yi asara.

Baba Injiniya:
Wannan ita ce shawara. Wanda kuma ya samu Voodoo3, ya ɗaura mata fanka. Ba ta zo da ita ba, ƙarfen sanyaya kawai gare ta, kuma ba don zafin Kano na watan Afrilu aka yi lissafinsa ba.

Malam Mai Jita:
Kun yi ta hoto, kun bar rabin daɗin. Ni abin da ya dawo da ni ga tsofaffin kwamfutoci sauti ne. Kiɗan Doom da yawancinmu muka sani daga wani ɗan cif na Yamaha yake fita, OPL3, lambarsa YMF262. Ba kiɗa aka naɗa a faifai ba, cif ɗin ne yake ƙera sautin nan take, shi ya sa kowane kati da muryarsa. Sound Blaster 16 na farko-farko, tun daga 1992, suna da OPL3 na gaske. Daga baya Creative ta maye gurbinsa da nata mai suna CQM, wanda ke cikin AWE64 da yawancin Vibra. Yana aiki, amma kunnen da ya saba zai ji ƙarfe-ƙarfe a cikinsa, ganguna su bushe.

Kada sunan Sound Blaster ya ruɗe ka, Abban Sultan. Katunan da ba a san sunan kamfaninsu ba, masu cif Yamaha YMF719 ko ESS 1868 da 1869, sau da yawa sun fi shi tsabtar sauti, ba su da tsada, kuma gem suna ganinsu a matsayin Sound Blaster Pro. Na Yamaha OPL3 ne na asali a cikinsa, na ESS kwaikwayo ne amma mai kyau ƙwarai. In ka je wajen masu tsofaffin kaya, cif ɗin za ka karanta, ba kwali ba. Ka saita shi a adireshi 220, IRQ 5, DMA 1, ka rubuta layin SET BLASTER a AUTOEXEC.BAT, shi ke nan.

Ga gem ɗin Windows kuma ka ƙara na PCI, Sound Blaster Live! na 1998 ko mai cif Aureal Vortex 2. Half-Life yana aiki da EAX na Creative da A3D na Aureal duka, wato dabarun da ke sa ka ji sauti kamar yana kewaye da kai. Ka sa abin kunne da Vortex 2 ka shiga cikin ramukan nan, za ka ji abu na tahowa ta bayanka kafin ka gan shi. Kati biyu suna zama a kwamfuta ɗaya lafiya, in an raba musu IRQ a BIOS, wato shafin saitin bod da ake shiga yayin kunna kwamfuta.

Sannan 'yar siririyar wayar nan mai ƙafa huɗu da ke tashi daga bayan CD zuwa katin sauti, kada a manta da ita. Kiɗan Quake II a kan faifan yake kamar na kaset ɗin CD, in babu wayar za ka ji harbi amma ba kiɗa.

Sadik Zazzau:
Malam, ai Sound Blaster Live! ɗin ma yana kwaikwayon na DOS, kuma yanzu akwai SBEMU da ke sa sautin jikin bod ya yi aiki a DOS. Ke nan ISA ba dole ba ne.

Malam Mai Jita:
Live! yana yi, amma sai an loda EMM386, manhajar DOS mai sarrafa ram, kuma akwai gem ɗin da ba sa shiri da shi. Kwaikwayon kiɗan OPL3 da Live! ke yi kuwa, ka saurare shi gefe da gefe da na Yamaha sannan ka dawo mu yi magana. SBEMU aiki ne mai kyau, ina yaba wa masu shi, ya ceci kwamfutoci da yawa da ba su da ISA. Amma mutum ga gurbin a gabansa har uku, me zai sa ya koma kwaikwayo?

Abban Sultan:
Ina biye da ku, ina rubutawa. Ram fa? Mai shagon ya ce yana da sanda mai 512.

Baba Injiniya:
Kada ka karɓa. 440BX ba ya gane ta. Iyakarsa 256 a sanda ɗaya, ita ma sai mai cif 16, takwas gaba takwas baya. In ka sa mai 256 mai cif takwas, ko ya ga rabinta ko ya ƙi tashi. Nemi PC100 ko PC133, biyu masu 128, ka samu 256. Ya ishi duk abin da ka lissafa. Windows 98 kanta in ram ya haura 512 sai ta fara kukan wai ba ta da wuri, sai an shiga SYSTEM.INI an taƙaita mata MaxFileCache. Ba ka bukatar wannan wahala.

Tunda muna kan bod ɗin, in wata rana ka so ƙarin sauri, ka lura da haruffan jikin firosesa. Mai E Coppermine ce, wato sabon samfurin Pentium III, mai tafiya da bod a megahaz 100, mai EB a 133 take tafiya. Ka sa 800EB a bod mai 100, za ta tashi a 600, don lambar ninkinta shida ce a kulle. Kuma tsofaffin fitowar P2B ba sa iya sauke wuta ƙasa da bolt 1.8, Coppermine kuwa ƙasa da haka take so. Duba lambar fitowar da aka buga a jikin bod ɗin ka turo mana.

Hamza Lantarki:
Wajen ajiya ni ba na ba kowa shawarar tsohon had dis. Sayi adafta ta IDE, wato mahaɗin had dis na da, zuwa katin memori na CF ko SD, ko ta SATA ka sa ƙaramin SSD. Shiru, ba zafi, kuma ka zare katin ka soka a laftof ka zuba gem ka mayar. Giga 16 ko 32 ya isa. Tsohon BIOS na Award yakan tsaya cak in ya ga abin da ya wuce giga 32 sai an sabunta shi, Windows 98 kuma ba ta wuce giga 137 ba tare da ta ɓata bayanai ba. Fulofi ma akwai Gotek, mai karanta filas a madadinsa.

Ɗan Nima:
Nan kam ban bi ka ba. Ƙarar had dis lokacin da gem ke lodi tana cikin abin da ake nema.

Ummu Khairat:
Ƙanena, da wutar da ake ɗaukewa ba sallama? FAT32, tsarin da Windows 98 ke ajiye fayil da shi, ba ta da kariya, a ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu sai ka tashi da ScanDisk, wani lokaci da fayil a yanke. Tsohon dis mai juyawa kuma kowace yankewa tana rage masa kwana. In kati ne, kana da kwafinsa a laftof, minti kaɗan ka dawo da komai. Kuma ko me aka zaɓa, UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, wajibi ne, ba ado ba. Nan ma Pentium III ta yi gaba, Pentium 4 mai 2.4 firosesarta kaɗai tana shan kusan wat 60.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da aiki. In ƙara wani abu da mu na Nijar muka sani. Kayan da ke zo mana daga Faransa kibod ɗinsu AZERTY ne, inda W da A suke a naku, Z da Q ne a namu. Wanda ya sayi irinsa zai sha wuya a Half-Life sai ya sake saita maɓallai, a DOS kuma sai an loda KEYB FR. In kaya sun ƙetaro muku iyaka ku duba. Kuma ku nemi kibod da maus masu zagayen kai, PS/2. Na USB ba su da tabbas a DOS a kan bod na 1998.

Tambayata ita ce monita. Ni da sola nake aiki, mai ƙwai tana cin batir.

Malam Mai Jita:
Tana ci, mai inci 17 takan sha wat 70 zuwa sama. Amma gem ɗin DOS a 320 sau 200 suke, mai ƙwai tana nuna kowane girma ba tare da ta dame shi ba, kuma motsi a kanta ba ya jan jela. In akwai wuta, ita ce.

Hamza Lantarki:
In babu, a nemi falat mai inci 15, 1024 sau 768, siffarta huɗu bisa uku kamar ta da. Masu inci 17 da 19 ɗin ofis 1280 sau 1024 ne, biyar bisa huɗu, suna ɗan miƙar da hoto sama. Mai faɗi irin ta yanzu kuwa sai ta baje ƙwallon FIFA ta koma ƙwai, sai in tana da saitin barin baƙi a gefe.

Ummu Khairat:
Wanda ya sayi mai ƙwai kada ya buɗe bayanta da kansa. Akwai dubban bolt a ciki, suna iya zama ko bayan an zare waya.

Sadik Zazzau:
Ni fa har yanzu ina da tambaya, kuma ba raini ba ne. Duk wannan wahala ta mece ce? DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS, na buga Doom da Prince a kowace laftof. 86Box da PCem suna kwaikwayon bod ɗin 440BX ɗin kansa har da Voodoo. nGlide da dgVoodoo suna sa gem ɗin Glide su tashi a katin zamani. Kyauta, ba kafasita, ba ƙura. Kuma na gasken ma ba ta tsira ba, Jazz Jackrabbit yana mutuwa da Runtime error 200 a duk firosesar da ta haura wajen 200, Wing Commander kuma gudu yake kamar an kore shi.

Baba Injiniya:
Tambaya ce mai kyau, kuma wanda gem kawai yake so ya bi hanyarka, ba laifi. Matsalar Jazz daga Turbo Pascal take, wani lissafin jinkiri ne da ke cika ya zube in firosesa ta yi sauri, kuma akwai facinsa. Na masu gudu, ka shiga BIOS ka kashe kash na ciki, wato 'yar ma'ajiyar sauri da ke cikin firosesa, Pentium III ta dawo tafiyar zamanin 386. Su kuma 86Box, don su kwaikwayi Pentium II da cikakken gudu sai kwamfuta mai ƙarfin gaske, ba irin laftof ɗin da yawancinmu ke riƙe da ita ba.

Amma ni abin da ya fi damuna daban ne. Yaron da ya haɗa wannan da hannunsa, ya saita jamfa, ya raba IRQ, ya ga abin da ke faruwa in ya juya wayar IDE, ya san kwamfuta sanin da ba zai samu a kan waya ba. Yawancin masu gyaran da ake ji da su yau a kan irin waɗannan bod suka koya. Kuma kayan suna ƙarewa a gabanmu. Kullum 'yan gwangwan na auna su a kilo, a fasa firosesa don ɗan zinaren jikinta. Ba laifinsu ba ne, sana'arsu ce, amma duk bod ɗin da ya shiga buhun nan ba zai dawo ba.

Ɗan Nima:
Haka yake Baba. Nan Accra, Agbogbloshie ce a da matattarar irin waɗannan kaya, an rushe wurin a Yulin 2021, masu sana'ar suka watsu. Yanzu sai ka san mutum ya san mutum. Shawarata ga kowa, ka yi abota da mai gwangwan na unguwarku, ka nuna masa hoton abin da kake nema a waya, ka biya shi sama da kuɗin kilo. Ta haka katin ESS ɗina ya zo.

Abban Sultan:
Na koma shagon da yamma. Mun sa sabon batir CR2032, muka jona aron fawa fak da wani tsohon katin hoto na PCI, P2B ta yi ƙara ɗaya ta nuna BIOS, ta ga firosesar a 500. Kafasitocin duk kansu a shafe yake. Pentium 4 ɗin kuma mun buɗe, babu gurbin AGP kamar yadda Baba ya yi hasashe, kuma biyu daga kafasitocin gefen firosesa sun kumbura. Na biya kuɗin P2B. Na samu MX 440 mai tsaga biyu da sanda biyu masu 128 a wurinsa. Katin sauti na ISA ne babu. Lambar fitowar bod ɗin zan duba in turo gobe in sha Allah.

Saura abu ɗaya: yaya zan riƙa shigar da fayil kafin adaftar CF ta iso? Na ji an ce Windows 98 ba ta ganin filas.

Hamza Lantarki:
Ba ta gani sai an sa mata diraiba. Ka tabbatar 98 SE ka sa, ta 1999, sannan ka nemi diraiban filas mai suna NUSB ka ƙona shi a CD tare da diraiban Nvidia da DirectX. Filas ɗin ya zama FAT32. USB ɗin bod ɗin 1.1 ne, a hankali yake tafiya, sai ka yi haƙuri. Kada kuma ka haɗa ta da intanet, Microsoft ta daina kula da 98 tun Yulin 2006.

Malam Mai Jita:
Ina da YMF719 guda ɗaya da ba na amfani da shi. Yi min magana ta akwati mu ga yadda zai iso Kano. Kafin ka soka shi, ka shiga BIOS wajen PNP/PCI ka ware IRQ 5 da DMA 1 ga ISA, don kada katin PCI ya riga shi kamawa.

Ummu Khairat:
Kafin ka ɗaura bod ɗin a kesin, cire ƙarfen sanyaya firosesar ka goge busasshen man da ke ƙasansa ka sa sabo, ka ɗiga wa fankar mai. Sannan ka lissafa ƙusoshin tagullar da ke jikin kesin su yi daidai da ramukan bod, in akwai na rara a ƙasa ka kwance shi, yana haɗa wuta.